Hoto mai dishi-dishi yana binne aikin hannu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake tada zancenta ba, da wani cikas da ke hana a ga darajarta. Ni mai sake wa 'yan tsanan jarumai fasali ne, irin na robar nan masu gaɓoɓi da ake lanƙwasa musu gwiwa da wuyan hannu. Mukan ɗauki ɗan jarumin yadda kamfani ya fito da shi, mu cire masa kai mu ɗora wani, mu gina masa gemu ko sulke da kwaɓin ifoksi, wato kwaɓi mai taurarewa idan ya bushe, irin su Milliput, mu goge da sanfefa, mu sake masa fenti tun daga fatar jiki har ƙwayar ido, wani lokaci mu ɗinka masa riga da ƙyalle na gaske. Idan an gama, babu irinsa a duniya sai shi kaɗai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan'uwana masu wannan aiki ke ɗaukar hotonsa. Mutum zai yi makonni yana duƙe a kan tebur, idonsa har ya yi ja, ya gama aiki mai kyau, sannan ya tsayar da shi a kan gado cikin dare, ya kunna filashar waya, ya kusanto da ita har kamar za ta taɓa hancin ɗan jarumin, ya danna. Sai ya turo maka yana tambaya, "Ya ka gani?" To me zan gani? Fuska ta yi fari fat, ido ya zama ɗigo baƙi, zanin gadon da ke baya shi ne ya fito tar. Idan na yaba, na yaba abin da ban gani ba. Idan ya nemi gyara, ba ni da inda zan sa yatsa in ce masa ga inda fentin ya yi kauri. An yi asarar yabon, an yi asarar shawarar.

Sai mutum ya san ƙanƙantar abin da muke aiki a kai kafin ya gane dalilin da ya sa hoton ke da wuya. G.I. Joe, ɗan tsanan soja da kamfanin Hasbro ya fito da shi a 1964 tsawonsa inci 12 ne, kusan santimita 30, wato kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum. A 1978 kamfanin Kenner ya yaɗa ƙanana masu inci 3.75. Yau da yawa daga cikinmu muna aiki ne a kan masu inci 6, irin su Marvel Legends da Toy Biz ya fara a 2002, waɗanda suke kashi ɗaya cikin goma sha biyu na mutum. A wannan ma'auni kan ɗan jarumi bai wuce santimita 2 ba, da'irar ƙwayar idonsa kuwa milimita 1 ce. A cikin wannan milimita ɗaya mai fenti ke sa launin ido, ya sa baƙin tsakiya, ya ɗiga farin ƙyalli da bakin buroshi mai gashi kaɗan, yana riƙe da numfashi. Hannu ya ɗan karkarwa lokacin ɗaukar hoto, duk wannan ya tafi.

Da yawa suna ɗora laifin a kan wayarsu, su ce sai sun sayi babbar kyamara. Ban yarda ba. Na ga hotuna garau da aka ɗauka da tsohuwar waya, na kuma ga hazo da aka ɗauka da kyamara mai tsada.

Matsala ta farko ita ce kusantowa. Kowane gilashin kyamara yana da iyakar kusancin da zai iya saita gani a kai. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta iya saitawa idan abin ya fi kusa da kimanin santimita 10, wasu ma sai an ja baya fiye da haka. Idan ka ƙetare wannan iyaka, sai wayar ta bar fuskar da ke gabanta ta kama bangon da ke baya, shi ya sa kake ganin labule tar, jarumi dishi-dishi. Kusancin yana kuma ɓata siffa: dunƙulen hannun da ya miƙo gaba sai ya fi kai girma, hanci ya kumbura, kunnuwa su ɓuya. Mai kallo zai zaci kai ne ka kasa daidaita jikin. Ni nakan ja baya kamar kamu biyu, in danna 2x ko 3x, wato jawo hoto ninki biyu ko uku, idan wayar tana da gilashi na daban don haka. Jawo hoto da yatsu biyu fiye da ƙarfin gilashin kuwa yanka hoton ne kawai a buɗa shi, babu wani abu da yake ƙarawa sai gurɓata. Gara ka ɗauka daga nesa kaɗan, ka yanke gefen daga baya.

Sai kuma wani abu da masu ɗaukar hoton mutane ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne ciwon kanmu. Duk lokacin da kyamara ta saita gani, akwai wani siririn yanki gaba da baya da ke fitowa tar, abin da ya fita daga cikinsa ya narke. Gwargwadon kusancinka da abin, gwargwadon sirancewar yankin. Da babbar kyamara, idan ɗan jarumi mai inci 6 ya cika hoton, kuma ƙofar haske tana buɗe a f/2.8, yankin bai wuce rabin santimita ba. Hanci zai fito, kunne ba zai fito ba. Idan aka ɗan tsuke ƙofar zuwa f/8, yakan kai kusan santimita ɗaya da rabi. Don haka mai kyamara ya tsaya tsakanin f/8 da f/11. Kada kuma ya ce bari in tsuke ƙofar gaba ɗaya zuwa f/22, domin a nan hasken kan warwatsu wajen ratsa ƙaramar kafa, hoton duka ya yi laushi. Mai waya ba shi da wannan zaɓi a yawancin wayoyi, ƙofar a buɗe take a kafe, amma ƙanƙantar na'urar da ke karɓar hoton a cikinta tana ba shi yanki mai ɗan faɗi, wannan kuma sa'a ce gare shi.

Ko da me kake ɗauka, ido za ka saita. Taɓa fuskar wayar daidai kan idon ɗan jarumin, ka danne na ɗan lokaci har saitin ya kulle. Idan ka bar wa wayar zaɓi, abin da ya fi kusa da ita ko ya fi ƙyalli za ta kama, yawanci bakin takobi. Tsayuwar da ka ba shi ma tana taimakawa. A hoton nuna aiki nakan sa hannuwa da makami su tsaya kusan layi ɗaya da fuska, ba na miƙo su gaba. Wanda ya nace sai komai ya fito daga bakin takobi har ƙarshen alkyabba, akwai dabarar ɗaukar hotuna da yawa ba tare da motsa kyamara ba, kowanne an saita shi a wuri daban, sannan a haɗe su da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker. Tana aiki sosai, sai dai tana cin lokaci, ni sai a kan aikin da na fi ji da shi nake yin ta. Tsarin nan na waya da ke narkar da baya da kansa don hoton fuskar mutum kuwa, a kashe shi. Manhaja ce ke ƙiyasta inda jiki ya ƙare, kuma takan cinye silin gashi, kan mashi, da igiyar baka, wato daidai wuraren da ka fi shan wahala a kai.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, wato haske.

Filashar waya ƙaramin ɗigo ne mai ƙarfi da ke zaune dab da gilashin kyamara. Haskenta yana tafiya kai tsaye ya daki roba ya dawo ta hanyar da ya bi. Sakamakon abu biyu ne, duka marasa kyau: goshi da kumatu su yi ƙyalli fari har launi ya ɓace, sannan duk wani tudu da kwari na sassaƙa ya baje, saboda inuwa ce ke nuna tudu da kwari, ita kuwa filasha ta kore ta zuwa baya. Akwai wani tsohon mayaƙi da na yi wa gemu da kwaɓin ifoksi, na zana gashin sili-sili da bakin allura kafin kwaɓin ya bushe, na bi da fenti mai ruwa-ruwa da ya kwanta cikin ramukan, sannan na shafa fari sama-sama da busasshen buroshi don furfura ta fito. A ƙarƙashin filasha gemun nan dunƙule ɗaya ne mai toka-toka. Da na ajiye shi kusa da taga, haske na zuwa daga gefen hagu, kowane sili ya tashi da 'yar inuwarsa, tabon da na yanka masa a kunci ya nuna zurfinsa, har ɗinkin ɗamarar fatarsa ana iya ƙirgawa. Ban taɓa fentin ba, ban canza waya ba. Wurin da hasken ke fitowa kaɗai na canza.

Ka'idar ba ta da wuya. Haske mai faɗi yana ba da inuwa mai taushi, ƙaramin haske yana ba da inuwa mai kaifi. Taga da rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye ita ce fitila mafi kyau, kuma kyauta ce. Idan rana ta faɗo ciki, a rataya farin ƙyalle marar kauri. Da dare, fitilar tebur ta wadatar, a tare gabanta da farar takarda mai shara-shara, a bar tazara tsakaninsu saboda zafi. Takardar nan ita ce ta zama tushen hasken, kuma ga abu mai santimita 15, takarda guda ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba. A ajiye ta a gefe, ɗan gaba da ɗan sama, yadda hasken zai goge fuskar a karkace. Ɗaya gefen zai yi duhu, sai a jingina farin kwali a can ya mayar da haske. Matso da kwalin, inuwa ta yi sauƙi, ja shi baya, ta yi zurfi. Ina son in bar ɗan duhu a gefe ɗaya, domin shi ke sa fuska ta yi kama da ta mai rai. A kuma tuna cewa idan ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shi ya sa ƙwan da ke maƙale a silin, wanda ido ke ganin ya haska ɗaki, ga kyamara kusan duhu ne.

Launin hasken ma magana ce. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 2700 a ma'aunin Kelvin, hasken rana tsaka yana wajen 5500. Idonmu yana daidaita su ba mu sani ba, kyamara kuwa ɗaya kawai take iya daidaitawa a lokaci guda. Idan ka haɗa taga da ƙwan ɗaki, rabin fuska zai yi shuɗi-shuɗi, rabi ya yi ruwan ɗorawa, kuma gyara wannan da manhaja yana da wuya. Kashe ɗaya. Wanda zai sayi ƙwan LED don wannan aiki ya duba jikin kwalinsa ya ga lambar CRI, wato ma'aunin yadda ƙwan ke nuna launi na gaskiya, ya nemi 90 ko sama, domin masu ƙasa da haka sukan kashe ja da launin fata. Wanda ya yi awanni yana gauraya launuka don ya samu fatar da ta yi daidai ya san zafin ganin ta fito kore-kore a hoto.

Tun da na taɓo fata, bari in ƙara wannan, don ya shafi masu yi wa jarumai fenti mai duhu. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka-toka. Idan ka sa farin bango, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, baƙar fuska ta nutse, ido da baki su ɓace. Idan ka sa baƙin bango, sai ta ƙara, farar riga ta ƙone. Takarda mai launin toka ita ce ta fi zaman lafiya da kowane launi. A manna samanta a bango, a bar ƙasanta ya malalo kan tebur ba tare da an karya ta ba, don kada layi ya ratsa bayan ƙafafu, a kuma tsayar da ɗan jarumin nesa da bangon kamar kamu ɗaya don inuwarsa ta faɗi ƙasa. Idan har yanzu fuskar ta yi duhu, bayan ka taɓa ido za ka ga alamar rana a gefe, ja ta sama kaɗan.

Wani ƙyallin kuma tun daga teburin fenti ake magance shi. Man kariya marar sheƙi da ake fesawa a ƙarshe yana sa fata da tufa su karɓi haske kamar na gaske. Mai sheƙi a bar shi don ƙwayar ido, leɓe, da ƙarfe.

Duhu yana jawo wata ɓarna da mutane ba su lura da ita. Idan haske ya yi kaɗan, waya takan yi abu biyu: ta daɗe tana buɗe ido, wanda ke sa motsin hannu ya shiga hoton, ta kuma ɗaga lambar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, wanda ke kawo tsakuwa-tsakuwa. Sai manhajarta ta bi ta shafe tsakuwar, ta haɗa da ƙananan layukan fentinka, fuska ta koma sumul kamar an narka kyandir a kai. Maganin shi ne a kafe wayar. Ɗan jarumi ba ya numfashi, ba ya ƙiftawa, zai tsaya maka ko daƙiƙa nawa ne. Ɗora wayar a kan maƙali mai ƙafa uku, in babu ka jingina ta da tarin littattafai, ka sa ISO a 100 ko ƙasa idan wayar ta ba da dama, ka kunna ƙidayar daƙiƙa biyu ko uku, ka janye hannunka. Dannawar yatsa kaɗai ta isa ta girgiza hoto a wannan kusanci. Tsayin wayar ya zo daidai ƙirji ko idon ɗan jarumin. Hoton da aka ɗauka daga sama yana gajarta ƙafafu, ya mayar da aikin abin wasan yara da aka yar a ƙasa.

Kafin a danna, a goge gilashin wayar da ƙyalle mai laushi, don maiƙon yatsa ne ke kawo hazon da ke kewaye fitila. A kuma kaɗe ƙura daga jikin ɗan jarumin da buroshi mai taushi. Zare ɗaya da ido bai gani ba, a hoto igiya ce a kafaɗa.

Edita, dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce kyan hoto. Akwai batun amana. Da yawa daga cikinmu ana ba su aiki daga nesa, mai saye bai taɓa riƙe abin a hannu ba, hoto kaɗai ya gani ya biya. Hoto marar kyau yana zaluntar gwani, amma kuma yana rufa wa mai ha'inci asiri. Na sha ganin an lulluɓe aiki da filta, an ƙara duhu a gefe, an sa hayaƙi da jan haske, ta yadda ba za ka ga cewa fentin gwiwar hannu ya riga ya fara ɓarewa ba, ko launin wuya bai yi daidai da na kai ba. Mai saye ya buɗe kwali ya tarar da wani abu daban, daga nan ya daina yarda da mu duka. Ba na ƙin hoton ado. Masu gina wa jarumai fagen yaƙi, su watsa ƙasa da ruwa, su ɗauka a daidai lokacin, fasaha ce mai zaman kanta kuma ina jin daɗin kallonta. Amma wannan ya zo bayan hoton gaskiya. A fara nuna gaba, baya, gefe biyu, fuska kusa, da gaɓoɓi a lanƙwashe, don a nan ne fenti ke gogewa. A sa rula a gefe a hoto ɗaya don a san girma. A haɗa da hoton yadda abin yake kafin a taɓa shi, domin wanda bai ga asalin ba ba zai san nisan tafiyar da aka yi ba. Gani ya kori ji.

Gyaran da na halatta wa kaina a manhaja shi ne yanke gefe, daidaita haske, da daidaita launi har ya zo ɗaya da abin da ke hannuna. Nakan riƙe ɗan jarumin kusa da fuskar wayar in kwatanta. Idan jan da ke hoton ya fi na hannuna ja, na rage. Ƙara kaifi fiye da kima ma ba na yi, don yana sa farin zobe a gefen kowane layi. Kuma kafin in tura wa kowa, sai na buɗa hoton da yatsu har ido ya cika fuskar waya. Idan ɗigon ƙyallin nan na cikin ƙwayar ido bai fito ba, na sake ɗauka.

Ko hoton ya yi kyau, hanyar turawa tana iya lalata shi. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, kuma duk wanda ya ɗauki hoton allo ya sake turawa ya ƙara rage shi. A tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda yake.

A nan nake da roƙo gare ka. Idan masu aikin hannu suka aiko wa jaridar nan hotunan aikinsu, ko masu irin sana'ata ne ko masu wani ƙaramin aiki mai buƙatar a duba da kyau, a riƙa neman asalin fayil ɗin daga wurinsu, ba wanda ya zaga wayoyi ba. Masu ɗab'i kan nemi ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da za a buga da faɗin santimita 10 yana buƙatar ɗigo kusan 1,200 a faɗinsa, kuma kusan kowace wayar zamani tana ba da fiye da haka idan ba a matse hoton a hanya ba. Idan hoto ya zo da hazo, a mayar wa mai shi a ce ya sake ɗauka kusa da taga, a kan takarda mai launin toka, ba tare da filasha ba. A kuma rubuta tsawon abin a ƙarƙashin hoton, don mai karatu ya san cewa fuskar da yake kallo ba ta fi kan babban yatsansa girma ba.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karatu, mai sake wa 'yan tsanan jarumai fasali